KARATU A GIDAN MUTANE: RAYUWAR ƊALIBAN NAZARIN AL'ADU A BAKIN TAFKIN ATITLAN

Mu mazauna zango mun saba ganin saurayi ko budurwa daga jami'ar wata ƙasa, da ɗan littafi da biro a hannu, suna zagaya unguwa suna tambayar abin da kowane yaro ya sani: wa ya sari wannan unguwa, me ya sa ake kai goro wajen neman aure, nawa ake biyan kuɗin ɗaki. Wasunmu kan ɗauke su 'yan leƙen asiri, wasu kuma su ce 'ya'yan masu hali ne da suka rasa abin yi da hutunsu. Amma kaɗan ne a cikinmu suka san abin da malamansu suka turo su nema, ko yadda suke kwana suke tashi a gidajen da suka sauka. Shi ya sa a wannan wata muka ga ya dace mu bi sawun irin waɗannan ɗalibai zuwa wata ƙasa mai nisa, mu ga yadda ake horar da su, domin in an san asalin abu an san yadda za a zauna da shi.

Fannin da suke karantawa shi ake kira antiropoloji, watau ilimin nazarin ɗan Adam da al'adunsa. Tun lokacin da wani masani ɗan ƙasar Polan, Bronislaw Malinowski, ya zauna da mutanen tsibiran Trobriand a tekun Pasifik tsakanin 1915 da 1918, ya koyi harshensu, ya kuma fitar da littafinsa a 1922, ya zama ƙa'ida a wannan fanni cewa karatun aji kaɗai ba ya wadatarwa. Tilas mutum ya je ya zauna da jama'a, ya ci abin da suke ci, ya gane wa idonsa, tun da gani ya kori ji. Saboda haka jami'o'i da yawa kan shirya wa ɗalibansu kwas na 'yan makonni a ƙetare, inda za su gwada hannu a gaban malami kafin a sake su su kaɗai. Misalin da muka zaɓa shi ne wanda Jami'ar Jihar North Carolina ta Amurka ta yi shekaru tana gudanarwa, tun farkon shekarun 2000, a bakin tafkin Atitlan na ƙasar Gwatamala, ƙarƙashin jagorancin malaminta Tim Wallace.

INDA AKE KAI SU

Gwatamala tana yankin Amurka ta Tsakiya, kudu da Meziko. Shi tafkin yana lardin Solola, can bisa tsaunuka, kimanin mita 1,560 sama da teku, zurfinsa kuwa ya kai wajen mita 340. Duwatsu uku irin masu aman wuta sun tsaya a kansa ta gefen kudu, watau Atitlan da Toliman da San Pedro. Garuruwa fiye da goma ne suka kewaye shi, akasarin mazaunansu kuma 'yan ƙabilun Maya ne, waɗanda kakanninsu suna nan tun kafin sojojin Sifaniya su ci yankin da yaƙi a 1524. Harshen hukuma da makaranta Sifaniyanci ne, amma a cikin gida da kasuwa harsunan gado ake yi: Kaqchikel a arewa da gabas, Tz'utujil a kudu da yamma, sai K'iche' a wasu wurare. Mutum zai iya shiga kwalekwale na rabin sa'a ya sauka a garin da gaisuwarsu dabam, kayan sawarsu ma dabam.

Wannan ne ya sa masu nazari suka daɗe suna son wurin. A shekarun 1930 wani Ba'amurke, Sol Tax, ya zauna a garin Panajachel yana ƙididdige yadda manoman albasa da tafarnuwa ke juya 'yan kuɗinsu, ya fitar da littafi a 1953 mai suna Penny Capitalism, kamar a ce jari-hujjar kwabo. Ke nan ɗalibin da ya isa can yau ya taras da mutanen da kakanninsu ma an yi musu tambayoyi, sun kuma san mai tambaya na kirki da wanda ba na kirki ba.

Kwas ɗin yakan ɗauki kimanin mako bakwai, daga ƙarshen Mayu zuwa Yuli, lokacin da damina ta kankama a can. Ba a ajiye ɗalibai a otal ko ɗakin kwanan makaranta. Rarraba su ake yi garuruwa, kowa a ba shi gidan da zai sauka, ana biyan masu gida kuɗin ɗaki da na abinci. Hikimar ita ce, in aka bar su wuri guda, da junansu za su yi ta hira da Turanci har kwas ya ƙare. In kuwa mutum ya waiwaya bai ga ɗan garinsu ba, dole bakinsa ya buɗe.

DAGA ASUBA ZUWA HANTSI

Ɗalibi ba ya bukatar agogo. Tun da duhu-duhu zakaru da karnuka sun fara, sai kuma ƙarar injin niƙa, inda mata ke kai masarar da suka dafa tun daren jiya. Ana dafa masarar ne da wani farin gari da ake samu daga ƙonannen dutse, wanda suke kira kal, kusan yadda matanmu ke jefa kanwa a tukunyar wake. Masana sun gano cewa wannan dahuwa tana fito da wani sinadari da ke cikin masara, wanda rashinsa kan kawo mugun ciwon fata ga masu dogaro da ita. Da an dawo da ƙullu sai a ji tafi na tashi daga kowane madafi, mata suna faɗaɗa shi tsakanin tafukan hannu suna ɗorawa a kasko. Wannan ita ce tortiya, wainar masara marar mai, wadda ake ci safe da rana da dare.

Karin kumallo yawanci tortiya ce da baƙin wake, wani lokaci da ƙwai ko soyayyar ayaba, da kofi mai ruwa-ruwa da sukari. Nan ne darasin farko yake. Ɗalibar da ta tsuguna ta gwada yin tortiya, ta fito mata a karkace, yara suka fashe da dariya, ta fi samun shiga a gidan a kan wadda ta zauna a kujera tana jira a kawo mata. Akan koya wa ɗalibi ya kira maigida Don, uwargida kuma Donya, kafin ya ambaci sunansu, ya kuma riƙe kalmar godiya ta harshen garin, wadda a yawancin wurare ake furta ta kusan "matiyosh". Kalma ɗaya ce, amma tana buɗe ƙofar da dogon Sifaniyanci ba ya buɗewa.

Wanka da wanki a bakin wani kwami na siminti ake yi, mai suna pila, ruwan kuwa da sanyi, don ko da yake ƙasar tana yankin zafi, tsayin wurin ya sa safiya da dare sai da bargo. A gidaje da yawa akwai wani ɗan gajeren ɗaki na turiri da suke kira tuh, inda ake hura wuta a zuba ruwa a bisa duwatsu masu zafi, iyali su shiga su yi gumi su wanke jiki. Wanda ya san sirace zai gane abin, sai dai nasu na dukan jiki ne.

AIKIN RANA

Da hantsi ɗalibi zai fita, ba kuwa yawon banza ba. A makonnin farko akan ba shi ƙananan ayyuka da za su koya masa kallo. Za a ce ya zana taswirar garin da ƙafarsa, ya nuna ina coci, ina kasuwa, ina injin niƙa, ina mashayar da mata ke wanki. Za a ce ya zauna wuri guda na sa'a ɗaya ya rubuta duk wanda ya wuce da abin da yake ɗauke da shi. Za a ce ya zana salsalar gidan da ya sauka, wa ya haifi wa, wa ya auri wa. Daga baya a ce ya nemi dattijo ko dattijuwa su ba shi tarihin rayuwarsu. Duk wannan domin a raba shi da saurin yanke hukunci ne, tun da an ce baƙo makaho ne ko da yana da ido.

Sannu a hankali idon yakan buɗe. Ranar farko duk rigunan mata iri ɗaya yake gani. Bayan mako biyu zai iya cewa wannan mai shuɗi daga Santa Catarina Palopo take, waccan mai surfanin tsuntsaye daga Santiago. Zai ga mata zaune a ƙasa da masaƙar da ake ɗaure gefe ɗaya a ƙugu, ɗaya gefen a jikin ginshiƙi, suna shafe makonni a kan riga guda. Zai lura cewa hoton matar da ke jikin sulen ƙasar na santabo 25, da doguwar ɗamara naɗe a kanta, 'yar Santiago ce. Ranar Talata ko Juma'a zai hau mota zuwa kasuwar Solola, ya ga yadda albasar da aka noma a gangaren San Antonio Palopo ke canja hannu.

Zirga-zirga ita ma karatu ce. Tsakanin garuruwa akwai kwalekwale mai inji, akwai a-kori-kura da ake tsayuwa a bayanta a riƙe ƙarfe, akwai tsofaffin motocin 'yan makaranta na Amurka da aka yi wa fenti kala-kala. Ɗalibi yakan koyi cewa tsallaka tafki da safe ake yi, domin da rana ta karkata wata iska da suke kira shokomil takan taso ta dama ruwan, kwalekwale ya riƙa tsalle. Lokaci-lokaci cikin mako ɗalibai kan haɗu da malamansu a yi darasi, kowa ya kawo abin da ya gani da inda ya cije, a duba littafinsa a gyara masa.

Kafin a kai tsakiyar kwas, kowa ya tsayar da batun da zai bincika. Abin bincike kuwa ba ya ƙarewa. Akwai zaman 'yan gari da 'yan yawon buɗe ido. Akwai gurɓatar ruwan tafkin, wanda a 2009 wani irin gansakuka ya rufe sashe mai yawa na samansa saboda ƙazantar da ke kwarara ciki. Akwai mutanen Panabaj, kusa da Santiago, inda zaftarewar ƙasa ta binne ɗaruruwan mutane a watan Oktoba na 2005 bayan guguwar Stan. Akwai garin San Pedro La Laguna da ya hana amfani da leda a 2016. Watan Yuni kuma watan bukukuwa ne: San Antonio ran 13, San Juan ran 24, San Pedro ran 29, inda tun asuba ake harba wasan wuta mai ƙara kamar igwa, a yi kiɗan marimba har dare.

AIKIN DARE

Bayan la'asar ruwan sama yakan sauko, kowa ya koma gida. Bayan cin abincin dare, lokacin da masu gida ke shirin kwanciya, a lokacin ne babban aikin ɗalibi ke farawa. 'Yan kalmomin da ya yi ta tsakurawa a littafin aljihu da rana, dole ya zauna ya mayar da su cikakken bayani a daren, a kwamfuta ko a babban littafi, tun kafin barci ya shafe su. Malamai sukan nace a kan abu biyu. Na farko, a raba abin da ido ya gani da abin da zuciya ta zata. "Matar ta juya baya ta yi shiru" gani ne, "matar ta yi fushi" kuwa zato ne. Na biyu, kada a bar rubutun yau sai gobe. Hirar sa'a ɗaya takan ci sa'o'i biyu ko uku wajen rubutawa, wanda kuma ya bari kwana uku suka taru masa ya ci bashin da ba zai iya biya ba.

Wahala kuwa akwai ta. Kusan kowa sai cikinsa ya ɓaci sau ɗaya, shi ya sa ake gargaɗin kada a sha ruwan famfo sai wanda aka tace ko aka tafasa. Akwai gajiyar yini guda ana magana da harshen da ba na uwa ba, ga kuma masu gida in sun juya harshensu na gado ɗalibi ya zama kurma a tsakiyar hira. Akwai kewar gida, wadda takan fi tsanani a mako na biyu ko na uku, sa'ad da ɗokin zuwa ya wuce, sabo kuma bai zo ba. Akwai kuma rashin sirri, domin a ƙaramin gari kowa ya san inda baƙo ya je da wanda ya tsaya da shi. Ɗalibin da ya zo kallon mutane yakan tarar cewa shi aka fi kallo.

LITTAFI AMANA NE

Darasin da ya fi kowane nauyi shi ne na riƙon amana, kuma tarihin Gwatamala ya sa ba a wasa da shi. Ƙasar ta yi yaƙin basasa na shekara 36, daga 1960 zuwa 1996. Hukumar binciken gaskiya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta mara wa baya ta ba da rahoto a 1999 cewa mutum fiye da 200,000 aka kashe ko aka ɓatar, mafi yawansu 'yan ƙabilun Maya. A Santiago Atitlan, ran 2 ga Disamba 1990, sojoji suka buɗe wuta a kan jama'ar da suka je ƙofar bariki kai kuka ba tare da makami ba, suka kashe mutum 13. Mutanen garin suka tsaya kai da fata har gwamnati ta kwashe sojojin daga garin. A watan Satumba na wannan shekarar ne kuma wani soja ya daɓa wa Myrna Mack wuƙa har lahira a babban birnin ƙasar. Ita masaniyar wannan fanni ce 'yar ƙasar, laifinta kuwa shi ne binciken halin da mutanen da yaƙi ya raba da gidajensu ke ciki.

A wurin da aka taɓa kashe mutane saboda sunansu ya fito a wata takarda, baƙon da ya zaro biro yana tambayar suna ba ƙaramin abu ya taɓo ba. Don haka ake koya wa ɗalibi ƙa'idoji tun kafin ya yi tambayar farko. Ya faɗi ko shi wane ne, da abin da zai yi da maganar. Ya nemi izini kafin ya ɗauki murya ko hoto, musamman hoton yara. Ya sanar da mutum cewa yana da ikon ƙin amsawa, ko ya tsayar da hira a tsakiya. Ya sauya sunaye a rubutunsa. Kada ya ɗauki zancen wannan gida ya kai wancan. Kada ya yi alkawarin da ba zai cika ba, ko na aiko da hoto ne. Idan dattijuwa ta fara ba da labarin ɗanta da aka tafi da shi da dare ba a sake ganinsa ba, wani lokaci abin da ya dace shi ne a rufe littafi a saurara kawai.

A makon ƙarshe kowa yakan rubuta rahotonsa ya gabatar. Mako bakwai ba ya mai da mutum masanin wata al'umma, malaman ma sun san haka. Abin da ake fata shi ne ɗalibi ya koma gida ya iya zama a gidan mutane, ya iya tambaya ba tare da cin fuska ba, ya kuma gane cewa duk abin da ke cikin littafinsa kyauta aka ba shi, daga mutanen da ba su da wajibcin ba shi.

INA RUWANMU?

Mai karatu zai ce, to mu ina ruwanmu da Gwatamala? Ruwanmu shi ne, mu ma an daɗe ana rubuta mu. Abner Cohen ya rubuta littafi a kan Hausawan Sabo ta Ibadan a 1969. Enid Schildkrout ta zauna a zangon Kumasi, littafinta ya fito a 1978. Deborah Pellow ta yi shekaru tana zuwa Sabon Zango na Akra, ta fitar da nata a 2002. C. Bawa Yamba ya rubuta a kan 'yan'uwanmu da suka yada zango a Sudan a hanyar Makka, a 1995. Waɗannan littattafai su ne duniya ke karantawa in tana son sanin mu, amma nawa ne a cikinmu suka taɓa riƙe ɗaya daga cikinsu?

Saboda haka idan gobe wani ɗalibi ya yi sallama a zaurenmu, mu karɓe shi kamar yadda muka gada, domin zango dama gidan baƙi ne. Amma mu sani muna da damar tambayarsa: daga wace makaranta, wa ya turo ka, ina za a kai maganar, za a sa sunana ko ba za a sa ba, za ka aiko mana da abin da ka rubuta? Ɗalibin da aka horar da kyau zai yi murna da waɗannan tambayoyi, don su aka koya masa ya amsa. Wanda ya yi ta kame-kame kuwa, a ba shi ruwa ya sha, a bar zancen a gaisuwa.

Sa'an nan kuma, riƙe alƙalami ba sabon abu ba ne a wurinmu. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda aka haifa a Kano ya kuma rasu a 1934, ya rubuta bayanai masu yawa da ajami a kan sana'o'i da al'adu da zaman Hausawa, waɗanda wani jami'in Jamus, Adam Mischlich, ya tattara, har yau kuma masana na dogaro da su. Yaron da ya tashi a zango yana jin harshe uku ko huɗu, ya san yadda ake gaida manya, ya san zaman gidan haya da mutanen ƙabila goma, ya riga ya mallaki rabin abin da ake kai wasu har bakin Atitlan su koyo. Ana koyar da wannan fanni da makamantansa a Jami'ar Cape Coast da Cibiyar Nazarin Afirka ta Legon, daga nan kuma ƙofar ƙetare takan buɗe. Idan ɗanmu ko 'yarmu suka ce shi suke so, kada mu ce karatun zaman banza ne. Mu tambaye su abin da za su rubuta, mu kuma buɗe musu bakin tsofaffinmu tun suna raye.